Gina titi da gine-ginensa a gefen ƙaramin layin dogo da kuɗi kaɗan

Tambayar da aka aiko ta fito ne daga wani mai sha'awar ƙananan jiragen ƙasa, wanda ya riga ya shimfiɗa layinsa a kan tebur, jirginsa kuma yana zagayawa lafiya, amma gefen layin fayau yake, babu titi babu gida. Ya duba gine-ginen roba da kamfanoni ke sayarwa, ya ga sun fi ƙarfin aljihunsa, shi ne yake son ya san ko zai iya ƙera titi da shaguna da fitilu da hannunsa, kuma daga ina ya kamata ya fara.

Malam, za ka iya, kuma abin da za ka gina yana iya fin na saye kama da gaskiya. Ana cewa araha ba ta ado, amma wannan aiki yana cikin wurare kaɗan da maganar ba ta zauna ba, domin abin da ke sa mai kallo ya yarda da ƙaramin titi shi ne daidaiton awo da kyawun lura, kuma dukansu biyu ba a sayensu a kasuwa. Akwai shaida a kan haka. A ƙauyen Long Wittenham na ƙasar Ingila akwai gidan tarihi mai suna Pendon, wanda Roye England ya kafa a 1954, kuma gidajen da ke cikinsa suna daga cikin waɗanda masu wannan sana'a suka fi girmamawa a duniya. Da kwali aka gina su, aka kuma shafa musu fentin ruwa, sau da yawa tubali bayan tubali. A can ne kuma aka ajiye layin Madder Valley na John Ahern, wanda ya fara ginawa tun shekarun 1930, lokacin da mafi yawan masu ƙananan jirage ba su damu da abin da ke gefen dogo ba. Kayan da waɗannan mutane suka yi aiki da su ba su fi waɗanda kake zubarwa a kwandon shara kowane mako ba.

Kafin ka yanka ko da kwali ɗaya, ka tabbatar da ma'aunin jirginka, domin a kansa komai zai tsaya. Wanda ya fi yaɗuwa a duniya shi ne HO, inda aka rage kowane abu sau 87, tazarar ƙarafan dogo kuma milimita 16.5 ce. A Birtaniya an fi amfani da OO, wanda yake tafiya a kan dogo mai wannan faɗin amma jikin jirgi da gine-gine an rage su sau 76 ne kawai. Ma'aunin N ya fi su ƙanƙanta, an rage shi sau 160 a yawancin ƙasashe, dogonsa kuma milimita 9. Zan yi lissafina da HO, in naka daban ne sai ka canja adadin da kake rabawa da shi. Mita ɗaya ta zahiri tana zama milimita 11.5 a HO, milimita 13 a OO, milimita 6.25 a N. Daga nan komai ya fito: mutum mai tsayin mita 1.7 bai kai milimita 20 ba, ƙofa mai tsayin mita 2 tana zama milimita 23, hawa ɗaya na bene mai mita 3 yana zama kusan milimita 35. Ina ba ka shawara ka rubuta waɗannan alƙaluma a ƙaramar takarda ka manna a gaban teburin aikinka, sannan ka yanke siffar mutum ɗaya daga kwali a daidai tsayinsa, ka riƙa tsayar da shi kusa da duk abin da ka gina. Idan taga ta fi kansa nisa, ko matakala ta kai masa gwiwa, nan take za ka gani.

Abu na biyu shi ne ka fita ka kalli titi na gaskiya, irin wanda kake son ka kwaikwaya, ka ɗauki hotunansa. Kowa yana tsammanin ya san kamannin titi, amma abin da ke kansa hoto ne gama-gari: baƙar kwalta, farin layi, gidaje a jere kamar an auna su da igiya. Titin zahiri yana da faci inda aka haƙa aka mayar, yana da ginin da ya ɗan shigo gaba da wanda ya ja baya, yana da bangon da ruwan sama ya zana wa baƙin layi daga bakin indararo. Ka ɗauki hoton gini daga gabansa sosai, ba daga gefe ba, kuma ka tabbatar akwai ƙofa a cikin hoton, domin da tsayin ƙofar za ka ƙiyasta sauran awon ginin gaba ɗaya. Idan ginin na jan tubali ne, ƙidaya layukan tubalin ma tana ba da tsayi daidai.

Game da inda kuɗinka zai tafi, wuri uku ne kawai nake ganin bai kamata a yi rowa ba: wuƙar yanka mai canjin reza tare da reza masu yawa, rula ta ƙarfe, da farin gam irin na kafintoci. Reza mai dakushi tana yaga kwali maimakon ta yanka shi, kuma gefen da ya yage ba ya ɓoyuwa ko an yi masa fenti sau nawa. Ita ce kuma ta fi yanke mutum, domin sai an danna ta da ƙarfi. Ka riƙa jan wuƙar a hankali sau uku ko huɗu a kan layi ɗaya, yatsunka suna bayan bakin rula. Bayan waɗannan sai fentin akirilik kala biyar ko shida, wato fari, baƙi, ruwan ƙasa, ja, rawaya da shuɗi, da buroshi biyu ko uku. Sauran kaya duk tsintuwa ne: siririn kwalin sabulu ko na magani mai kaurin kusan rabin milimita, kwali mai tauri na bayan littafin zane ko tsohuwar kalanda, roba mai haske da ake rufe kaya da ita, tsinken gora, tsohuwar wayar lantarki, da ragowar soso.

Da titin za ka fara, ba da gidaje ba. Mafi yawan masu farawa suna gina gidaje tukuna, sannan su matse titi a ɗan filin da ya rage, sai ka ga hanyar da mota biyu ba za su iya wuce juna ba. Hannu ɗaya na titin cikin gari mai faɗin mita 3 yana cin kusan milimita 35, hannu biyu milimita 70, hanyar masu tafiya a ƙasa mai mita 2 kuma milimita 23 a kowane gefe. Jimilla kana bukatar kusan milimita 116 daga bangon wannan gida zuwa na wancan. Idan wurin ya yi maka kaɗan, kana iya rage kashi ɗaya cikin goma ba tare da ido ya kama ba, ko kuma ka mai da shi lungu mai hannu ɗaya, wanda ya fi titi matsattse kyan gani nesa ba kusa ba.

Ka yanke shimfiɗar titin daga kwali mai tauri, ka manna siririn kwali mai kaurin kusan milimita ɗaya a ƙarƙashin tsakiyarsa, sannan ka danne gefunan biyu su kwanta. Dalili shi ne titin gaskiya yana da ɗan tudu a tsakiya don ruwa ya gangara gefe, tudun da tsayinsa kusan ɗaya cikin arba'in ne na faɗin hannu ɗaya. Ba wanda zai ce ya ga wannan tudun, amma haske yana sauka a kansa ta wata hanya daban, kuma titin da babu shi yana kama da allo da aka shafa wa fenti.

Fuskar kwalta ita ce inda aka fi yin kuskure, don haka zan ɗan daɗe a kanta. Mutane da yawa suna barbaɗa yashi a kan gam, suna ganin ai titi yana da kaushi. Sai dai ƙwayar yashi mai milimita ɗaya daidai take da dutse mai kusan santimita 9 a ma'aunin HO, alhali tsakuwar da ke cikin kwalta ta gaskiya ba ta cika wuce santimita ɗaya ba, wanda idan an rage shi bai fi kaurin takarda ba. Saboda haka titi mai kwalta kusan sumul ya kamata ya kasance. Hanya mafi sauƙi ita ce a shafa wa kwalin fenti mai ɗan kauri ta hanyar dangwala soso maimakon jan buroshi, wanda yake barin ɗan kaushi daidai gwargwado. Wata hanyar ita ce a manna samfefa mai laushi sosai, lamba 400 ko 600, a yi mata fenti, amma dole a ɓoye mahaɗar falle da falle a ƙarƙashin faci ko layin tsallaka titi. Launi kuwa, kada ka kusanci baƙi. Kwalta ba ta zama baƙa sai a farkon lokacin da aka zuba ta, daga nan rana da ƙura suna mai da ita ruwan toka. Ka haɗa fari da ɗan baƙi da ɗigon ruwan ƙasa, kuma ka sa ya fi abin da zuciyarka ta raya maka haske, domin hasken ɗaki bai kai na rana ba, duk wani launi yana ƙara duhu a cikinsa.

Bayan fentin ya bushe sai ka ba titin tarihinsa. Ka kankare alli mai launi ko bakin fensir ya zama gari, ka ɗauka da busasshen buroshi ko ɗan yatsa, ka ja siririn duhu a tsakiyar kowane hannu, inda mai ke ɗiga daga motoci, ka ƙara shi a wuraren da motoci ke tsayawa. Ka zana faci mai kusurwa huɗu da launin da ya ɗan fi sauran duhu, ka ja tsaga biyu ko uku da alƙalami mai siririn baki, ka bar ƙura mai haske ta taru a bakin lambatu. Murfin ramin magudanar ruwa ƙaramin da'ira ne na takarda mai faɗin milimita 7, a shafa masa ruwan ƙasa mai duhu sannan a goga masa fensir ya ɗan yi ƙyallin ƙarfe. Farin layin titi mai santimita 10 bai fi milimita ɗaya da ɗan ɗigo ba, kuma ya fi kyau a ja shi da farin fensir mai launi a jikin rula, domin yana fitowa a koɗe kamar wanda tayoyi suka daɗe suna takawa.

Hanyar masu tafiya a ƙasa ta ɗara titi tsayi da kamar santimita 13, wato milimita 1.5, don haka kwali mai wannan kaurin ya wadatar. Ka zana layukan falalen siminti da bayan wuƙa ko alƙalamin biro da tawadarsa ta ƙare, tazarar milimita 7 idan falalen masu santimita 60 ne, sannan ka ja layi ɗaya a tsawon bakin hanyar don ya nuna dutsen gefe. Ka zagaye kusurwoyi a mahaɗar tituna, ka kuma saukar da bakin a inda mota ke shiga gida. Idan kana son titin duwatsu irin na tsofaffin birane, sai ka shimfiɗa siririn yumɓu mai bushewa da iska a kan gam, ko garin POP, ka zana duwatsun da allura. Aiki ne mai cin lokaci ƙwarai, kuma ina ganin ya fi dacewa da ɗan fili kaɗan a gaban tasha ko harabar ajiye kaya.

Inda titi ya tsallaka dogo akwai ƙa'idar da ba a wasa da ita, domin a nan ado yana iya hana jirgi tafiya. Fuskar titin ta kasance ƙasa da saman ƙarfen dogo da ɗan kaɗan, don ƙafafun jirgi su ci gaba da taɓa ƙarfen da suke ɗaukar wuta daga gare shi, kuma don ka iya goge dogon ba tare da kankare fentin titi ba. A cikin ƙarafan biyu ka bar rata ta kusan milimita 1.5 a kowane gefe, inda leɓen ƙafar jirgi zai bi. Haka nan duk ginin da zai tsaya kusa da kwana, ka gwada shi da taragonka mafi tsawo kafin ka manna, domin tsakiyar dogon tarago tana shigowa ciki a kan kwana, ƙarshensa kuma yana fita waje.

Sai gine-gine. Kada ka fara da wanda za ka yi wa ado. Ka yanke dukan gidajen titin daga kwalin banza, bango huɗu da rufi kawai, ka haɗa su da salatif, ka jera su, ka bar su kwana biyu kana kallo. A wannan mataki ne za ka gane cewa wancan bene ya tare tasha, ko kuma duk rufin sun zo tsayi ɗaya, kuma gyara a nan ba ya cin komai. Idan tsarin ya kwanta maka, sai ka gina na gaskiya.

Bango mai kyau hawa-hawa ake yin sa. Falle na waje siririn kwali ne wanda aka huda wa ramukan taga da ƙofa a daidai girmansu. A bayansa sai kwali mai tauri, mai ramukan da suka ɗan fi na farko faɗi, shi ne ƙashin ginin. A bayan wannan kuma sai firam ɗin taga da gilashinta. Amfanin wannan tsari shi ne tagar tana shigewa cikin bango da kamar milimita ɗaya zuwa biyu, kamar yadda take a gini na gaskiya, kuma inuwar da ke faɗawa cikin wannan zurfin ita ce ke ba fuskar gini nauyi. Gidan da aka buga tagoginsa a kan takarda shafal, ko yaya hoton ya yi kyau, da an kalle shi daga gefe asirinsa ya tonu. Ka huda tagogi tun kwalin yana babban falle, kafin ka yanke kewayen bangon, kuma ka fara kowace yanka daga kusurwa zuwa tsakiya don kada wuƙa ta zarce.

Babban abokin gabar kwali shi ne danshi. Farin gam ruwa ne a cikinsa, fentin akirilik ma haka, kuma idan gefe ɗaya na kwali ya jiƙe ya bushe, yana janyewa ya lanƙwasa bangon. Maganinsa shi ne ka shafa gam kaɗan-kaɗan, ka danne abin da ka manna a ƙarƙashin littattafai masu nauyi har ya kwana, kuma duk abin da ka yi wa fuska ɗaya ka yi wa ɗayar: in ka manna takarda a waje ka manna wata a ciki, in ka yi fenti a waje ka yi a ciki. Falle uku da aka manna sun fi biyu tsayuwa a miƙe. Sannan kowane gini ya samu daɓe a ƙasa, da wani a kowane hawa, da bangon ciki ko da ɗaya ne, domin su ne ke riƙe kusurwoyi, su ne kuma ke hana mai kallo hango tagar baya ta cikin tagar gaba, abin da ke nuna cewa ginin fanko ne.

Fuskar bango ta danganta da irin ginin. Bangon da aka yi wa shafen siminti shi ne mafi sauƙi: fenti da aka cuɗa da ɗan garin POP, a dangwala shi da soso. Jan tubali ya fi wuya, domin tubali irin na Birtaniya tare da simintinsa milimita 225 ne a tsawo da 75 a tsayi, wanda a HO ya koma 2.6 da kusan 0.9. A wannan ƙanƙanta, takardar da aka buga wa hoton tubali a daidai ma'auni ta wadatar, kuma a ganina ta fi robar da aka yi wa ramuka masu zurfin da ya wuce kima. Abin lura shi ne tawadar ƙananan injinan buga takarda na gida tana narkewa da ruwa, don haka a fesa wa takardar man kariya maras sheƙi kafin gam ko fenti ya taɓa ta. A naɗe takardar ta zagaye kusurwar gini da cikin ramin taga, duk inda farin bakin kwali ya leƙo kuma a bi shi da fensir mai launi. Wannan farin bakin, ko da siririn gashi ne, ido yana zuwa kansa kafin ya ga komai.

Gilashin taga daga robar rufin kaya ake yanke shi. Sandunan firam kuwa, ka manna farar takarda mai gam a bayanta a kan robar, ka zana tagar, ka yanke gurbin kowane gilashi ka ɓare, abin da ya rage shi ne firam mai sanduna sirara da ba su kai milimita ɗaya ba. Kada ka manna roba mai haske da sufagulu, domin tururinsa yana bar mata farin hazo da ba ya gogewa. Farin gam kaɗan a gefuna ya isa, kuma yana bushewa garau. Ɗan labule na takarda mai launi a wasu tagogin, wani a buɗe wani a rufe, yana nuna cewa akwai mutane a gidan.

Rufi ya cancanci kulawa fiye da yadda ake ba shi, saboda mai kallon ƙaramin layin dogo daga sama yake kallo, rufin ne farkon abin da yake gani. Idan na fale-falen dutse ne ko na tayil, ka yanke takarda tsiri-tsiri, ka tsattsaga rabin faɗin kowane tsiri, ka manna su daga ƙasa zuwa sama, kowane yana hawa kan na ƙasansa, tsagar wannan layi tana faɗawa tsakiyar na wancan. Idan na kwano ne, akwai dabarar da nake jin daɗinta ƙwarai. Tazarar tudun kwanon rufi na gargajiya milimita 76 ce, wadda a HO ta zama kusan 0.9, kuma zaren ƙusar noti mai lamba M6 tazararsa milimita ɗaya ce, na M5 kuma 0.8. Sai ka samu alminiyom mai ɗan kauri irin na farantin yarwa, ka shimfiɗa shi a kan abu mai ɗan laushi, ka mirgina ƙusar a kansa kana dannawa. Abin da zai fito kwano ne sak. Ka yanka shi falle-falle, ka jera su suna hawa kan juna, ka yi musu ruwan toka, sannan ka sa tsatsa a bakin kowane falle da inda ƙusa take, wani falle ya fi wani.

Idan gini ya kammala, kada ka ɗora shi a kan hanyar masu tafiya. Ka yanke gurbinsa a cikin kwalin hanyar, ya zauna a ciki, don kada a ga baƙar rata a ƙarƙashin bango. Gini daga ƙasa yake fitowa, kuma gidan da ake hango haske ta ƙarƙashinsa ba ya taɓa zama gida a idon mai kallo. Wannan gurbi yana ba ka damar ɗaga ginin idan za ka yi shara ko gyaran waya, ba sai ka manna shi ba.

A bayan tebur, inda wuri ya ƙure, ba a bukatar cikakken gini. Fuska da zurfin santimita 2 ko 3 da rabin rufi sun isa, kuma da kayan gida ɗaya za ka samu biyu. Matsalar da ta fi wannan ita ce inda titi ya je ya ci karo da allon bango. Titin da ya nufi allon kai tsaye ya tsaya cak ba ya ɓoyuwa, don haka ka karkatar da shi ya shige bayan wani gini, ko ka sa gada ko babbar mota ta tare ƙarshensa. John Allen, mai ɗaukar hoto da ya gina shahararren layinsa a garin Monterey na Amurka, ya yi amfani da madubai don wuri ya ninka a ido, kuma ƙaramin madubi a ƙarƙashin gada yana sa titi ya zama kamar ya ci gaba, muddin an karkata shi yadda mai kallo ba zai ga fuskarsa ba. Wasu kuma suna sa gine-ginen ma'aunin N a can baya don su yi kamar suna nesa, amma dabarar ba ta aiki sai in akwai wani abu da ya raba su da jirgi, kamar bishiyoyi ko jerin rufi.

Ƙananan kayan titi ba sa cin kuɗi ko kaɗan. Tsinken gora mai kaurin milimita 3 daidai yake da falwaya mai kaurin santimita 26, a yanke shi ya tashi kamar milimita 90 daga ƙasa. Wayoyin da ke tsakanin falwayoyi gara a bar su, domin kowane zare ya yi kauri a wannan ma'auni, kuma hannu yana tsinka su a duk lokacin shara. Fitilar titi mai mita 6 tana zama milimita 69, ana lanƙwasa ta daga waya mai tauri. Allunan shaguna kuwa, daga hotunan da ka ɗauka za ka rage su ka buga. Bishiya daga tsohuwar wayar lantarki mai silli da yawa ake murɗa ta, a ware rassa, a shafe gangar da gam da garin POP, ganyen kuma soso ne da aka rina aka marmasa. Idan za ka yi amfani da ƙasa ta gaskiya a gefen hanya, ka busar da ita sarai, ka tankaɗe ta da rariya mai laushi, sannan ka bi ta da maganaɗisu, domin akwai ɓurɓushin ƙarfe a cikin ƙasa, kuma injin jirgi yana da maganaɗisun da zai janye shi ciki. Ana kafe ta da farin gam da aka sirka da ruwa rabi da rabi, da ɗigon sabulun ruwa don ya ratsa. In kuma ka yi tudu da farin soso mai tauri na cikin kwalin kayan lantarki, ka sani fentin feshi da gam mai ƙarfin wari suna narkar da shi, sai an fara rufe shi da fentin ruwa.

Wutar cikin gidaje aba ce da za ka iya jinkirtawa, amma ka bar mata hanya tun yanzu ta hanyar huda rami a daɓen kowane gini da shafa baƙin fenti a cikin bangon, in ba haka ba ginin gaba ɗaya zai riƙa haske ta jikin kwalin. Ƙwan LED fari yana aiki da kusan volt 3, don haka idan wutar layinka volt 12 ce, kowane ƙwai yana bukatar resista tasa, wato ɗan abin da ke rage yawan wutar da ke shiga ƙwan. Mai ohm 1,000 tana barin kusan miliamp 9 ya wuce, wanda ma ya yi wa ƙaramin ɗaki yawa, mai ohm 2,200 ko fiye ta fi ba da haske mai taushi. Ka zaɓi fari mai ɗan rawaya, kuma kada ka haska kowace taga.

Mutane da motoci su ne kaɗai abin da nake ganin saye ya fi ƙerawa, kuma a nan ma akwai sauƙi, domin ana sayar da mutanen da ba a yi wa fenti ba da yawa a jaka ɗaya. Ka zaɓi waɗanda suke tsaye ko zaune, masu jira ko masu hira, domin mutumin da aka kafe yana gudu yana tuna wa mai kallo cewa babu abin da ke motsi sai jirgi. Mutum goma da aka tara a inda mutane ke taruwa, bakin shago ko wurin jiran mota, sun fi hamsin da aka watsa ko'ina. Ka yi hattara da motocin wasan yara irin na Hot Wheels, waɗanda yawancinsu an rage su sau 64 ne, kusa da ƙofar HO kuwa sai su zama ƙatti. Motar da ta dace ma sai an kashe mata sheƙi da man kariya, an ɗan goge ƙasan tayoyinta da samfefa don ta zauna kamar mai nauyi.

Daga nan sai ka kwantar da wayarka a kan titin, kyamarar tana daidai tsayin mutumin kwalin nan naka, ka ɗauki hoto, ka buɗe shi a babban allo kusa da hoton titin gaskiya da ka fara da shi. Kyamara tana nuna falwayar da ta karkace, da farin bakin kwali, da bangon da ya yi tsabta fiye da kima. Mafi yawan abin da za ka gani ana gyara shi da ruwan fenti mai duhu da aka sirka sosai, a bar shi ya gangara daga bakin taga da indararo kamar yadda ruwan sama yake yi, sannan a ɗan goga garin alli mai launin ƙasa a gindin kowane bango, har zuwa tsayin milimita 5 ko 6 daga daɓe.